Tafiyar Kallon Tsuntsaye a Songor

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tafiyarmu ta tabbata: tafkin gishiri na Songor da ke Ada a ƙasar Ghana, kusa da inda kogin Volta ke shiga teku. Yanzu tsuntsayen Turai masu gudun sanyi sun sauka can, ga zalɓe da balbela na gida.

Mota za ta tashi daga unguwar Nima da ke Accra ranar Asabar bayan sallar asuba, mu dawo Lahadi da la'asar. Kowa ya tura wa ma'aji sidi 350 kafin Alhamis, na mota, masauki da abinci. A taho da takalmin shiga laka, maganin sauro, da madubin hangen nesa ga mai shi. Masu surutu, kun san kanku, a adana hirar sai dare wajen gasa kifi, kar a kore mana tsuntsaye.

Allah ya kai mu lafiya.