Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke sayar da marfin daidaita fari

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Gombe, kuma ƙorafina kan marfin lens ɗin nan ne da kuke talla cewa yana gyara launi a kowane irin haske.

Hotunan gwajin da kuka saka, inda marfinku ya kayar da kati mai ruwan toka da muke saita launin kyamara da shi, a situdiyo aka ɗauke su, da fitila iri ɗaya. A irin wannan wuri ai ko atomatik ɗin kyamara ba ya ba mutum kunya. Mu ba a can muke neman abinci ba. Ku leƙa ɗakin kamu da la'asar: ƙwan da ke kan kujerar amarya ja-ja ne, wajen 3000 a Kelbin, ma'aunin launin haske, hasken da ke shigowa ta taga ya kai 5500 ko fiye, dogayen fulorasan na rufi kuma suna zuba kore, wanda ma'aunin Kelbin shi kaɗai ba ya cirewa. Ban ma ambaci fitilun masu ado ba.

Takardar cikin kwalinku ta ce a nuna marfin ga fitilar da ke haska wurin. Wacce daga ciki? Abin da yake yi shi ne ya tattara duka ya fitar da matsakaici, wanda bai dace da ko ɗaya ba. Farin leshin amarya ya fito gefe ɗaya shuɗi-shuɗi, ɗaya gefen kamar an tsoma shi a shayi, ƙawayen da ke ƙarƙashin fulorasan kuwa duk fuskokinsu sun yi kore. Hajiya uwar amarya cewa ta yi wannan ba kalar ankon da suka saya ba ce.

Na gwada marfin da katin da allon launuka na ColorChecker a wuri guda, kyamara guda, duk a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Katin da na ɗora dab da fuskar amarya ya fitar da fatarta daidai, ko da bango ya karkace. Allon ColorChecker mai gida 24 ya ƙara nuna launin da ya zame. Babu wanda ya gyara ɗakin gaba ɗaya, domin saiti ɗaya ba ya ɗaukar haske uku; sai an kashe wasu fitilun, ko a sa wa filashi ledar launi. A ba ku haƙƙinku, a fili ranar hawan sallah marfin yana da sauri.

Don haka ku cire maganar kowane irin haske daga tallarku, ku sake gwajin a ɗakin biki na gaske, ku fitar da fayilolin RAW kowa ya duba. In ba za ku yi ba, ku karɓi kayanku ku maido mini da kuɗina. Rasit yana hannuna.

Naku,
Mai ɗaukar hoto, Jekadafari, Gombe