Takardar Koke Kan Halin Da Ma'aikatan Shaguna Da Kantuna Ke Ciki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu yaran shago, masu jiran kanti, masu karɓar kuɗi da masu lodin kaya, mun kawo kukanmu gabanka.

Yawancinmu da baki aka ɗauke mu aiki. Ba takarda, ba shaida, ba a faɗi lokacin tashi ba, albashin ma sai abin da maigida ya ga dama. Mu ke buɗe shago, mu ke rufewa, kullum ranar Allah. Idan aka yi lissafi aka ga giɓi, ko kaya ya lalace a ajiya, sai a zaftare daga haƙƙin yaro ba tare da an nuna masa littafi ba. Wanda ya yi magana, a ce masa ga hanya nan, akwai masu jira a waje. Wannan yanke albashi shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, domin mutum ya yi wata guda yana tsaye, ranar biya ya koma gida da rabi.

Abin da muke roƙo ba sabo ba ne. Tun 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai hedikwata a Geneva, ta tsara yarjejeniya ta 30 musamman don shaguna da ofisoshi: awa 48 a mako, awa 8 a rana, ko an sauya tsarin kada a wuce 10. Ta 106, wadda aka yi a 1957, ta ba ma'aikacin shago hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Ta 120 kuwa, ta 1964, har ruwan sha, banɗaki da kujerar zama ta ambata. Ta 95 ta 1949 ta ce ba a yanke albashi sai bisa sharuɗɗan da doka ko yarjejeniyar ma'aikata ta amince da su.

Ba mu zo ɓata iyayen gidanmu ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, kuma su ma takarda za ta kare su ranar da rigima ta tashi.

Ranka ya daɗe, tunda hukumarka ke ba shaguna izini tana karɓar haraji, muna roƙon a sa sharaɗi: mai sabunta izini ya rubuta ma'aikatansa, albashinsu da ranar hutunsu, kowa ya riƙe kwafinsa. A kuma isar da kukanmu ga ofishin ƙwadago, jami'an dubawa su riƙa shigowa ba tare da sanarwa ba, su ji ta bakin yaro a keɓe, ba a gaban maigidansa ba.

A shirye muke mu turo wakilai duk ranar da ka sa mana. Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka,
Ma'aikatan shaguna da kantuna na wannan ƙaramar hukuma