Kada a sauya ƙwan fitilar ɗakin matuƙi ba a duba abin rage haske ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu koyon gyaran jirgin sama, musamman ɗaliban kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, kan fitilun allon agogunan matuƙi. Ana raina su, alhali idon matuƙi na bukatar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu, kuma haske mai ƙarfi na ɗan lokaci ya isa ya ɓata wannan sabo. Shi ya sa maɓallin rage haske ba ado ba ne.

A tsofaffin ƙananan jirage, riyostat, wato maɓallin murɗawa mai tare wa wuta hanya, ake jonawa a layi ɗaya da ƙwayayen fitilun. Murɗa shi na ƙara turjiya, wutar da ke isa ƙwan ta ragu, ragowar ta zama zafi. Ɗauki jirgi mai volt 28 da ƙwai goma samfurin 327: kowanne na jan amfiya 0.04, jimla 0.4. Riyostat mai turjiyar om 50 zai cinye kusan rabin wutar, hasken ya dushe sosai. To, a cire ƙwayayen a sa LED, wato fitilun zamani masu cin wuta kaɗan, da jimlarsu ba ta wuce amfiya 0.1 ba, sai riyostat ɗin ya kasa cinye fiye da volt 5. A murɗa har ƙarshe, allo na nan tas. Nan ne ake zargin maɓalli, kuma ba laifinsa ba ne. A kula kuma: ƙwai samfurin 330 na jirgi mai volt 14 ne, girmansa ɗaya da 327, amma in ya shiga layin 28 ba da daɗewa ba zai ƙone.

Daga baya aka koma taransista, wato ƙaramar na'urar sarrafa wuta, irin samfurin 2N3055, wanda ƙaramin maɓalli ke ba umarni, shi kuma ya ɗauki nauyin wutar a kan ƙarfen sanyaya shi. In fitilu sun tsaya a cikakken haske sun ƙi raguwa, galibi taransistan ya haɗe a ciki. In bireka, wato makunnin da ke yanke wuta in ta yi yawa, na faɗuwa, a duba siririn maika, fallen da ba ya barin wuta ta wuce, wanda ke raba jikin taransistan da ƙarfen, domin jikin nan na ɗauke da wuta. Man da ake shafawa tsakaninsu don zafi ya wuce ma yakan bushe, zafi ya taru, taransista ya mutu. Sauya shi ba sabon mai, ɓata kuɗi ne.

Abin da ya dace da LED shi ne tsarin rage haske da ake kira PWM: yana kunna wutar yana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, tsawon lokacin kunnawa shi ke yanke yawan haske, zafi kaɗan ne. Aibinsa shi ne ƙara a rediyo. In aka ji zuu a abin kunne tana canza murya yayin murɗa maɓallin, a raba wayar fitilu da ta sauti, a gyara wayar ƙasa, wato wadda ake haɗawa da jikin jirgin. Manyan jirage da dama kuwa taransifoma ke sauke musu volt 115 zuwa 5 don allon.

Roƙona, kafin a taɓa komai a auna wutar da mita a kan ƙwan, maɓalli a ƙasa sannan a sama, a bi littafin kamfanin da ya ƙera jirgin. Sauya tsarin fitilu gyara ne da ke bukatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da sa hannun injiniya mai lasisi, a kuma gwada shi da dare tare da rediyo a kunne.

Naku,
Wani injiniyan lantarkin jirgi, Zariya