Godiya ga Ma'aikatan Sashen Gashin Ƙashi a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a madadin iyalanmu na Argungu domin in gode muku a bainar jama'a bisa yadda kuka karɓi mahaifinmu, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bayan mun dawo da shi daga jinya a Alƙahira ɗauke da takardar wani gwaji da babu wanda ya gane kanta a cikinmu.

A can an ɗora masa wani faifai na naɗaɗɗiyar waya a gefen hagu na kai, yana ƙara ƙas-ƙas, ba allura ba tiyata, amma Larabci da Turancin likita suka hana mu sanin amfaninsa. Shugabar sashenku ce ta zaunar da mu, ta warware mana da Hausa cewa faifan yana sakin bugun maganaɗisu da ke ratsa ƙoƙon kai ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi, daga nan saƙo ya bi ta laka ya isa hannu cikin kusan kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa, wayoyin da aka manna a tsoka su ɗauke shi. Ana ƙara ƙarfin bugun sannu a hankali har a sami mafi ƙarancin da zai sa tsokar ta amsa sau 5 cikin 10, kuma da wannan ake sanin saurin amsawar wannan sashen na ƙwaƙwalwa. Ta ƙara da cewa Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fito da dabarar a Ingila a 1985.

Gefen hagu na ƙwaƙwalwar Baba ya buƙaci bugu mai ƙarfi fiye da na dama, amma dai hannun ya amsa, alamar hanyar ba ta yanke ba. Hajiya shugabar sashen ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, wanda a ganina shi ne babban mutuncin da ta yi mana. Cewa ta yi akwai abin da za a ɗora aiki a kansa. A kan haka kuka tsara masa motsa yatsu da wuyan hannu, kuka yi haƙuri da shi a ranakun da ya gaji ya ƙi.

Yau Baba da hannun dama yake jan carbinsa. Muna roƙon gwamnatin jiha ta samar muku da irin wannan na'ura. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Ɗan majinyacinku, daga Argungu