Godiya ga ma'aikatan cibiyar kwamfuta ta kusa da tasha a Gumel

Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, shekara 17 kenan ina shan ƙurar alli, kuma wallahi ban saba rubuta irin wannan ba, amma abin da kuka yi mana a bitar koyon kwamfuta ta hutun nan ya fi ƙarfin in yi shiru.

Ku fara jin inda muka fito. Duk zangon karatu sai na kai tambayoyin jarrabawa wani shago a buga min, in biya kuɗina, a miƙo min takarda babu ƙugiya ko ɗaya. Na rubuta "baƙi sun iso" a fito min da "baki sun iso", ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Haka zan zauna da daddare da tocila da biro ina bin takardu ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwasa wa k da d da b kai, kuma in na yi ƙorafi yaron shagon ya ce min wai kwamfuta ba ta san Hausa ba. Har ga Allah na yarda da shi, shekaru.

To ranar farko a wajenku, wata yarinya cikin masu koyarwa, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, ta ce Baba Malam kawo wayarka. Ta shiga saitin Gboard, wato manhajar da ake danna haruffa da ita a waya, ta ƙara Hausa, ta ce danna k ka riƙe. Sai ga ƙ ta fito. Na yi ta dannawa kamar yaro ya samu sabon abin wasa, ita kuwa ko dariya ba ta yi min ba, sau uku ina mantawa da inda ake sauya harshen sau uku tana dawowa ta ja kujera ta zauna. Da aka ɗauke wuta ma ba ta ce mu tashi ba, ta ce ai wayar ce za ku koma da ita ƙauye ba kwamfutarmu ba, mu ci gaba a kanta. Allah Ya yi miki albarka 'yata, Ya ba ki miji nagari.

Sauran abubuwan, su buɗe imel da buga takarda da ajiye ta, duk an yi lafiya. An kuma nuna mana Nigeria Learning Passport, dandalin karatun nan na intanet da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ashe tun tuni yana nan ba wanda ya taɓa gaya mana. Amma abin da ya fi min amfani shi ne ɗaukar murya. Na je wajen gwaggona na ɗauki tatsuniya biyu da waƙar daɓe, na kunna wa 'yan aji 2 a MP lokacin adabin baka, ajin da kullum sai na yi tsawa ya yi tsit. Na tura wa malaman makwabta ta Xender tunda data ta yi tsada, sabis ɗin ma a garinmu sai ka hau tudun bayan makabarta.

Ba yau muka fara zuwa bita ba fa. Wasu wuraren a tara ku a zaure, wani ya haska majigi ya yi ta zuba Turanci awa 2, a raba lemo da biskit, a ɗauki hoto, ku sa hannu a takardar alawus ɗin da har yau muna jira. Ko linzamin kwamfuta ba ka taɓa ba an ba ka satifiket. Kuma ma sai an rasa malamin lissafi ko na kimiyya ake tuna da mu na Hausa da Larabci, wai me za mu yi da kwamfuta, alhali yaran nan da muke koyarwa a kwamfuta za su rubuta JAMB har da Hausar.

Abokin aikina na Larabci ya ce in tambaye ku ko za a sake yi a hutu mai zuwa, shi ma ya gaji da rubuta jarrabawa da hannu yana kaiwa a yi fotokwafi. In za a yi don Allah kar a sa ranar Alhamis, kasuwar Maigatari ce, mota wuya take.