Bahaya mai tasowa saman ruwa: iska ce ko maiƙo?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in taɓo wata magana da kunya ke hana mutane kai wa likita: bahayar da ke tasowa saman ruwan masai, ta ƙi nutsewa.

Galibi iska ce. Wake, kabeji, lemon kwalba, ko madara ga wanda cikinsa bai karɓarta, duk suna sa ƙwayoyin da ke babban hanji su yawaita iska, ta maƙale cikin bahayar, nauyinta ya ragu. In launinta bai sauya ba, kuma ta koma daidai cikin kwana biyu ko uku bayan an rage waɗannan, babu abin tashin hankali.

Wadda nake so a sa wa ido ita ce mai maiƙo. Za ka gan ta fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske, da yawa, warinta ya fi na kullum, tana manne wa jikin masai, wani lokaci har ɗigon mai na yawo a kan ruwan. Wannan alama ce kitsen abinci yana wucewa bai narke ba. Lafiyayyen mutum ba ya fitar da kitse fiye da giram 7 a rana. Narkar da kitse kuwa sai da ruwan matsarmama, da sinadaran fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi), da lafiyayyen ƙaramin hanji. Tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama, ko fankiriyas ta daɗe da kumburi, ko cutar siliyak (wadda jikin mai ita ba ya karɓar alkama) ta lalata bangon hanji, ko ƙwayar jiyadiya ta shiga ta gurɓataccen ruwa, kowanne na iya jawo haka. Abin da ya fi damuna shi ne bitamin A, D, E da K suna bin kitsen su fice, jiki na ramewa a hankali.

In abin ya wuce mako biyu, ko ya haɗu da rama, ciwon ciki mai sokawa zuwa baya, ko zazzaɓi, a je asibiti. Jini a bahaya, ko ta yi baƙi kamar kwalta, ko ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu, wannan ba na jira ba ne. Za a nemi gwajin bahaya da na jini, wataƙila da hoton ciki. Don Allah kada a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin gwajin, kuma mai zargin siliyak kada ya daina cin alkama tukuna, domin hakan na ɓoye cutar a sakamakon.

Wassalam,
Wani mai karatu