Zuwa ga abokan cinikinmu masu tambayar gajeren jan furen hemerokalis

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da ƴan'uwanmu na Maradi da kewaye.

Da fatan kuna lafiya, ya gida, ya iyali, ya kuma aka ji da hidimar kaka. Mun rubuto muku ne a kan gajeren jan furen nan, hemerokalis, wanda da yawanku suka gani a bakin lambunmu suka ce a ajiye musu. Za mu sayar da shi daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, daga nan mu dakata sai baɗi in Allah ya kai mu. Muna so ku ji dalili, ku kuma san abin da za ku ɗauka kafin ku fidda kuɗinku.

Wannan shuka ba ƴar ƙasarmu ba ce. Asalinta gabashin Asiya ne, ƙasashen Sin da Koriya da Japan, daga baya masu haɗa iri, galibi a Amurka, suka fitar da nau'o'i sama da 80,000. A cikinsu akwai masu zubar da ganye su kwanta lokacin sanyin ƙanƙara, akwai masu zama kore duk shekara. Masu kwanciyar nan suna bukatar sanyin da ɗarin Maradi ba ya kaiwa, in aka kawo su nan sai su yi ta ramewa har su ƙare. Shi ya sa muka zaɓi mai zama kore. Tsayinta ba ya wuce santimita 45, ba ta cin wuri, ko tsakar gida mai ƙunci za ta ɗauke ta.

Abin da ya fi tayar wa mai saye hankali shi ne furen. Yana buɗewa da safe, kafin gobe ya yanƙwane. Ba cuta ba ce, ba kuma rashin ruwa ba, haka Allah ya yi ta. Kowane kara yana ɗauke da tohon fure da yawa, suna buɗewa bi da bi har makonni. Ku tsinke wanda ya mutu da yatsa, in karan ya gama ku yanke shi daga gindi. Sai dai kada ku sa ran za ta cika da fure kamar hotunan da kuke gani a Facebook, waɗannan a ƙasashen sanyi aka ɗauke su. A nan za ta yi, amma daidai gwargwado.

Wurin da za ku ajiye ta shi ne rabin aikin. Tana son rana kamar awa shida, amma ta safe. Jan fure mai duhu yana shan zafi fiye da mai launin ɗorawa, ranar azahar tana ƙona shi ya koɗe kafin la'asar. Ku nemi gindin bango na gabas, inda hantsi zai same ta, inuwa ta rufe ta da zarar rana ta karkata. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan inuwar ita ce rayuwarta. Dalilinmu ke nan na ƙin sayarwa da bazara: wadda aka dasa a Nuwamba ta samu watannin sanyi ta kafa saiwa, wadda aka dasa a Maris kuwa ba ta gama kamawa ba wuta ta sauko mata.

Mun fi son ku sa ta a tukunyar ƙasa mai huji a ƙasa, maimakon roba, don tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, ana kuma iya jan ta zuwa inuwa. Ƙasar jigawa ita kaɗai ba ta riƙe ruwa, lakar Gulbi kuma riƙewa take ta wuce kima. Ku haɗa su, ku ƙara taki wanda ya ruɓe sarai, ɗanye yana ƙona saiwa ya kuma jawo gara. Wuyan shukar, wato inda ganye ya haɗu da saiwa, kada ya nutse fiye da santimita 2 zuwa 3. In a ƙasa za ku dasa, ku bar santimita 40 tsakaninsu. Ku shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a kai don ya tsare laima, amma kada ya taɓa wuyan.

Ban ruwa da sassafe, a ƙoshe, a gindi. Saiwarta kauri gare ta, tana ajiye ruwa, don haka ta fi jure ƙishi a kan kwanciyar ruwa. A watan Agusta ne muka fi jin tsoro: tukunyar da hujinta ya toshe, kwana kaɗan wuyan ya ruɓe. Ku ɗora ta a kan bulo. Da hunturu kuma ku riƙa wanke ƙurar da ke ƙarƙashin ganye, nan ƙananan ƙwari masu tsotsa ke ɓuya.

Hajiyoyi masu kyanwa a gida, don Allah ku ji wannan da kyau. Hemerokalis guba ce ga kyanwa, ganye da fure duka, tana lalata mata ƙoda har ta kai ga mutuwa. In kuna da kyanwar da kuke so, ku zo mu zaɓa muku wani furen. Masu jar akuya kuwa ba sai mun faɗa ba, a yi shinge.

Bayan shekara uku ko huɗu gindin zai cunkushe, fure ya ragu. A lokacin sai a tone a raba, kowane kashi da ganyensa da saiwarsa, a sake dasawa cikin sanyi. Wanda bai saba ba ya kawo mana tukunyarsa mu raba masa, ba za mu karɓi ko dala ba. In za ku zo saye, ku riƙo hoton wurin da kuke son ajiye ta, ɗaya na safe ɗaya na bayan azahar, mu duba tare mu gaya muku ko ya dace.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a gidajenku.

Naku,
Mai lambu da yaransa, Maradi